Tikitin kaka ko na ranar wasa: wanne ya fi sauƙi?

Wani mai karatu ya aiko da wannan tambayar: "Ni da yayana mun kwana biyu muna musu. Shi yana da tikitin kaka na kulob ɗinmu, yana cewa duk mai sayen tikiti ɗaiɗai a ranar wasa zubar da kuɗi yake yi. Ni kuma na ce masa shi ne ke biyan kuɗin wasannin da ba zai je ba. Wa ke da gaskiya a cikinmu, kuma me ya sa bambancin farashin ya kai haka?"

Ɗan'uwa, ka gaishe mini da Yaya. Na yi shekaru ina aiki a ofishin sayar da tikiti na wani kulob, kuma duk ƙarshen kaka sai na ji irin wannan musun a bakin taga, wani lokaci har da ɗaga murya. Abu biyu ke raba gardamar: wasa nawa mutum yake zuwa da ƙafarsa, da kuma ko filin kulob ɗin yana cika. Mutane sun fi tsayawa a kan na farko saboda shi ne ake iya bugawa a kalkuleta, amma na biyun ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Bari mu fara da lissafin, tunda a nan kuka tsaya. A gasar Firimiya ta Ingila ƙungiyoyi 20 ne, don haka kowane kulob yana da wasan gida 19 a kaka. Haka yake a La Liga ta Sifaniya. A Bundesliga ta Jamus ƙungiyoyi 18 ne, wasan gida 17, a rukuni na biyu na Ingila kuwa ƙungiyoyi 24 ne, wasan gida 23. Abin da Yaya yake yi, na tabbata, shi ne ya raba kuɗin tikitinsa gida 19, ya nuna maka ɗan abin da ya fito, ya ce ga kuɗin wasa ɗaya. Lissafin daidai ne ga wanda bai taɓa fashi ba. Sai dai tikitin ranar wasa ba farashi ɗaya gare shi ba. Yawancin manyan kulob suna kasa wasanni aji-aji: wasan hamayya da na manyan ƙungiyoyi a aji na ɗaya, matsakaita a na biyu, ƙananan baƙi a na uku.

Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don sauƙin fahimta, ba na wani kulob ba ne. A ce tikitin kaka fam 570 ne, wato fam 30 kowane wasa. A ce a ranar wasa kujerar nan ɗin dai ana sayar da ita fam 60 a manyan wasanni shida, fam 45 a matsakaita takwas, fam 30 a ƙanana biyar. Wanda ya saya ɗaiɗai har wasa 19 zai kashe fam 870, Yaya ya tsira da fam 300 ke nan. To amma wa ke sayen ɗaiɗai har sau 19? Mai son manyan wasanni, in ya je shidan nan ya ƙara matsakaita biyar, ya kashe fam 585, wato a wasa na 11 ya riga ya wuce kuɗin tikitin kaka. Wanda kuma yake kauce wa masu tsada, yana zuwa ƙanana da matsakaita, duka 13 ɗin fam 510 ne, sai ya ƙara babba ɗaya, wato wasa 14, kafin ya kai fam 570. Ka ga iyakar da tikitin kaka ke fara riba tana motsi tsakanin 11 da 14 a kujera ɗaya, gwargwadon irin wasan da mutum yake so. In kai mai zuwa wasa takwas ne a shekara, babu wani lissafi da zai sa tikitin kaka ya fi maka araha, kuma a nan kai ke da gaskiya.

Inda mutane ke yaudarar kansu shi ne wajen ƙidaya. A lokacin saye kowa gani yake ba zai yi fashi ba. Sai kaka ta fara, a ɗauke wasan Asabar a mayar da shi daren Litinin ko tsakar ranar Lahadi saboda gidajen talabijin, sanarwar kuma ta zo makonni kaɗan kafin ranar. Ga aiki, ga rashin lafiyar yaro, ga hidimar dangi, ga daren sanyi da ƙungiya ke ta shan kashi har ƙafa ta ƙi tashi. Jadawalin da ake fitarwa kafin kaka kusan zayyana ce kawai. Magoya baya a Jamus sun yi ta bore a kan wasannin daren Litinin da aka shigo da su Bundesliga a kakar 2017/18, har aka soke su daga 2021, kuma masu tikitin kaka da masu bin ƙungiya waje ne suka fi jin zafin abin. Shawarar da nake ba kowa a taga ita ce kada ya ƙidaya wasannin da yake fatan zuwa, ya ƙidaya waɗanda ya je a kakar da ta wuce, sannan ya cire ɗaya.

Sai a duba abin da ke cikin tikitin, don ba duka suke ɗaya ba. A kulob da yawa wasannin lig kaɗai ya ƙunsa, Kofin FA da na Zakarun Turai sai an sake biya. Arsenal ta shafe shekaru tana haɗa wasannin kofi bakwai a cikin nata, shi ya sa in an jera farashi a jarida yakan fito da tsada fiye da yadda yake in an raba shi da yawan wasannin. Wasu kuma suna da tsarin da ke cire kuɗin wasan kofi daga asusunka kai tsaye da zarar an fitar da jadawali, ko za ka je ko ba za ka je ba. Ta ɓangarenka kuma, ɗan'uwa, kuɗin da ke rubuce a tikiti ba shi ke nan ba. A manyan kulob ba a sayar wa kowa da kowa tikiti sai ɗan ƙungiya mai rajista, rajistar kuma ta shekara ce da kuɗinta, ga ɗan kuɗin hidima da ake ɗorawa duk lokacin da ka saya ta intanet. In ka haɗa su, tazarar da ke tsakaninka da Yaya tana raguwa.

Yanzu ga babbar maganar. A filin da ke cika kowane mako, mai tikitin kaka tabbacin shiga ya saya, rangwamen da ya samu gyara ne. Filin Borussia Dortmund yana ɗaukar mutum sama da 81,000, kulob ɗin kuma ya tsayar da tikitin kaka a 55,000 da gangan don a bar wa sauran jama'a gurbi, duk da haka masu jira sun fi a ƙirga. A Liverpool layin jiran ya yi tsawon da sai da aka rufe karɓar sababbin suna, akwai waɗanda suka rubuta suna suna samari suka samu kira bayan sun yi 'ya'ya. A irin wannan wuri mai sayen ɗaiɗai yana shiga ƙuri'a ne ko ya zauna gaban kwamfuta da sassafe yana jiran layi, ya samu ƙaramin wasa ya rasa babba. Lissafin da na yi a sama na "manya shida da matsakaita biyar" ya rushe ke nan, domin ya ɗauka cewa duk wasan da ka ga dama za ka samu. Wanda ya saki tikitin kakarsa a irin wannan kulob saboda shekara ɗaya ta matse shi, da wuya ya sake ganinsa. Na ga mutanen da suka san sarai ba za su je rabin wasanni ba, suka sabunta, kuma ban ga wautarsu ba.

Bayan kujerar akwai fifiko. In ƙungiya ta kai wasan ƙarshe na kofi, kason tikitin da ake ba ta bai kai yawan masu so ba, ana kuma farawa da masu tikitin kaka. Haka tikitin wasan waje, wanda ake rabawa bisa makin da mutum ya tara na halarta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Ingila, domin tun kakar 2016/17 aka ƙayyade cewa tikitin baƙo a Firimiya ba zai wuce fam 30 ba, bayan kamfen ɗin da ƙungiyar magoya baya ta ƙasar ta fara a 2013 tana neman a tsayar da shi a fam 20. Sakamakon da ya biyo baya yana da ban dariya: baƙon da ya zo daga wani gari yakan shiga da fam 30, ɗan gida da ke zaune ƙetaren igiya ya biya ninki biyu. Ƙofar samun wannan tikitin mai sauƙi kuwa, a manyan kulob, kusan a hannun masu tikitin kaka take.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kalkuleta, zan ambace shi a taƙaice don Yaya zai kawo shi ko ban kawo ba. Kujera ɗaya, maƙwabta ɗaya, shekara da shekaru. Ka san wanda ke zagin alƙalin wasa tun minti na biyu, ka san dattijon da ba ya tashi sai an busa. Wasu wannan suke biya wa.

A filin da ba ya cika kuwa, labarin ya juye, kuma yawancin filayen duniya a nan suke. In za ka iya zuwa minti talatin kafin wasa ka sayi tikiti ka zaɓi wurin zama, tabbacin shiga ba shi da wata daraja, saura lissafi tsantsa. Irin waɗannan kulob sukan karya farashi a tsakiyar kaka in sun ga kujeru na hamma: yaro ya shiga kyauta tare da babba, ko wasa uku a kuɗin biyu. Duk lokacin da muka yi haka, washegari masu tikitin kaka ne a taga suna tambaya, su da suka biya tun kafin a buga ƙwallo ɗaya me aka yi musu? Tambayar tana kan hanya, ni ma ban taɓa samun amsar da ta gamsar da ni ba. Wani lokaci kuma caca ce take ci. Huddersfield ta sayar da tikitin kaka fam 199 a kakar 2017/18, aka wayi gari tana Firimiya, mai tikitin ya kalli Manchester United da Liverpool da Chelsea a kan kusan fam 10 kowane wasa. Amma ka tuna da Bury, wadda aka kora daga gasar ƙwararru ta Ingila a watan Agustan 2019 ba ta buga wasan lig ko ɗaya a kakar ba, alhali akwai waɗanda suka riga suka biya. Da annobar korona ta rufe filaye a Maris 2020, kulob da yawa sun mayar da kuɗin wasannin da suka rage ko suka tura shi kaka ta gaba, wasu ƙanana kuma suka roƙi magoya baya su yafe.

Wannan ya kawo mu ga tambayarka ta biyu, dalilin bambancin farashin. Mai sayen tikitin kaka bashi yake ba kulob, ba tare da ruwa ba, ya kuma ɗauke masa kasada. Ana sayar da shi ne tun kafin kaka ta ƙare ko a lokacin hutu, daidai lokacin da babu wasa, babu kuɗin ƙofa, ga albashi ana biya, ga kasuwar 'yan wasa a buɗe. Ya biya bai san kocin da zai ƙare kakar ba, bai san ko za a sayar da ɗan wasan da yake so ba, a tsarin sabuntawa da wuri ma wani lokaci bai san rukunin da ƙungiyar za ta buga ba. Rangwamen ladan wannan ne. Kuɗin yana da tabbas har ana cin bashi a kansa: a 2011 an karɓi miliyoyin fam daga kamfanin Ticketus a kan tikitin kaka na shekarun da ba su zo ba na Rangers ta Scotland, a lokacin da Craig Whyte ya sayi kulob ɗin, a Fabrairun 2012 kuma kulob ɗin ya faɗa hannun masu kula da kadarorin wanda bashi ya ci. Mai sayen ranar wasa shi ba ya ɗaukar kasadar komai. Yana ganin yanayi, yana ganin teburi, sannan ya yanke shawara, kuma wannan 'yancin ne ake caje shi a kai.

Sai dai a manyan kulob iska ta fara juyawa, kuma wannan ne nake so ku biyun ku lura da shi. Kulob ɗin da ke karɓar kuɗin talabijin na Firimiya, inda yarjejeniyar cikin gida kaɗai ta 2025 zuwa 2029 ta kai fam biliyan 6.7, ba ya matsuwa da bashin Yaya kamar da. Abin da yake gani shi ne kujera. Mai tikitin kaka yana zuwa dab da busa, ya ci abincinsa a gida, rigar da ke jikinsa ta shekara biyar ce. Baƙon da ya zo sau ɗaya a rayuwarsa zai biya farashi mafi tsada, ya shiga shagon kulob ya fito da leda biyu, ya ci ya sha a cikin fili. A takarda, kujerar Yaya asara ce. Shi ya sa in aka faɗaɗa fili za ka ga kaso mai tsoka ya tafi ga kujerun alfarma masu haɗe da abinci, shi ya sa kuma kulob irin su Manchester United da Arsenal suka sa ƙa'idar cewa dole a yi amfani da tikitin kaka a wasanni kaza, ko dai mai shi ya zo, ko ya tura wa wani, ko ya mayar wa kulob ya sayar, in ba haka ba a hana shi sabuntawa. Rangwamen yara da tsofaffi ma ana ta tsuke shi. A ƙarshen 2024 Manchester United ta mayar da ragowar tikitin ranar wasa fam 66 ga kowa, yaro da babba, a tsakiyar kaka, magoya baya suka fito zanga-zanga.

Tunda na ambaci mayarwa, wannan ma yana canza lissafinku. Inda kulob ke da dandalin musaya, wasan da Yaya bai je ba ba lallai ya zama asara ba: ya sa kujerar a manhaja, in an saya a mayar masa da kasonsa. Amma a lura, yawanci abin da ake ba shi kashi ɗaya ne cikin 19 na abin da ya biya, kulob kuma ya sayar a farashin ranar, ya riƙe bambancin, kuma galibi sai tikitin kulob ya ƙare ake buɗe dandalin. Sayarwa a bayan fage kuma haɗari ne. A Ingila da Wales dokar 1994 ta haramta sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba, kulob kuma suna ƙwace tikitin kakar wanda aka kama, yanzu da komai ya koma waya kamun ya yi sauƙi. Kowa ya ga abin da 'yan bumburutu da sakaci suka jawo wa Barcelona a Afrilun 2022, lokacin da magoya bayan Eintracht Frankfurt kusan 30,000 suka cika Camp Nou da fararen riguna, suka kuma ci 3-2 suka fitar da masu gida daga gasar Europa.

In kana mamakin yadda aka yi farashin ya kai nan tun farko, tushen a Ingila yana komawa ga bala'in Hillsborough na 15 ga Afrilun 1989, wato turmutsitsin magoya baya a wurin tsayuwa na wani filin wasa, wanda ya ci rayuka 97. Rahoton Taylor na 1990, wanda ya fito daga binciken bala'in, ya sa aka cire wuraren tsayuwa a manyan rukunai biyu, aka mayar da filaye na zama zalla. Wurin tsayuwa shi ne na mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke biya a ƙofa da kuɗin aljihu. Da ya tafi, gurbi ya ragu, kujera ta samu lamba, lamba kuma ta zama abin da ake riƙewa shekara-shekara. Jamus ba ta bi wannan hanya ba, ɓangaren kudu na filin Dortmund kaɗai yana ɗaukar masu tsayuwa kusan 25,000, ga kuma ƙa'idar 50+1 da ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a yawancin kulob, shi ya sa shugabanni ke tunani sau biyu kafin su taɓa farashi.

Ra'ayina, wanda ba dole ku ɗauka ba, shi ne musun mai kaka da mai ɗaiɗai yana yi wa masu sa farashi daɗi. A ce wa Yaya ana yi masa gata, a ce maka kai ne ke ɗauke da nauyinsa, kowa ya harari ɗan'uwansa. Ranar 6 ga Fabrairun 2016 a Anfield, filin Liverpool, an ga akasin haka. Liverpool ta sanar da tikitin ranar wasa na fam 77 da tikitin kaka da ya haura fam 1,000, sai mutum kusan 10,000 suka tashi suka fice a minti na 77 ana wasa da Sunderland. Liverpool na gaba da ci 2-0 a lokacin, aka tashi 2-2. Da yawa daga waɗanda suka fita masu tikitin kaka ne da fam 77 ɗin bai shafe su kai tsaye ba. Cikin 'yan kwanaki masu kulob ɗin suka ba da haƙuri suka janye ƙarin.

A aikace, ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka duba wayarka ka ƙirga wasannin da ka je bara da abin da ka kashe, har da rajista da kuɗin hidima, ka ajiye kusa da farashin kujerar Yaya. In filinku ba ya cika kuma ba ka kai kashi biyu cikin uku na wasanni ba, ci gaba da sayen ɗaiɗai, ko ka jira tikitin rabin kaka da kulob da yawa ke fitarwa wajen Disamba, lokacin ka riga ka ga kamun ludayin ƙungiyar. In filin yana cika, ka rubuta sunanka a layin jira yau ko da ba ka da niyya, don ranar da za a kira ka ba ka san halin da kake ciki ba. In za ka biya kashi-kashi, ka tambaya ko akwai ruwa a kai, saboda wasu kulob kamfanin bashi suke haɗa ka da shi, ruwan kuma yana iya cinye rabin rangwamen. Sannan ka tambayi Yaya wasa nawa ya yi fashi bara. In sun kai biyar, ku duba ko ƙa'idar kulob ta yarda ya riƙa tura maka tikitin ta manhaja a ranakun da ba zai je ba, ka biya shi kason wasan.